Girgam da Hatimi: Yadda Aka Tsare Takarda Daga Sauyi a Ƙasar Daura

Duk wanda ya riƙe takarda mai daraja, ko ta sarauta ce, ko ta gado, ko ta shari'a, abu biyu ya ke tsoro. Na farko, kada wani ya kwafe ta ba da izninsa ba. Na biyu, kada a taɓa abin da ke cikinta, a ƙara ko a rage. Mutane da yawa su kan ɗauka maganin tsoron nan biyu ɗaya ne, watau a ɓoye takardar inda ido ba ya kai wa. Tarihin takardun ƙasar Daura ya nuna al'amarin ya fi haka wuya. Ɓoyo ya kan hana kwafa, amma shi ne kuma ke ba sauyi wurin fakewa, domin takardar da ba ta da 'yar'uwa a wani hannu ba ta da abin da za a gwada ta da shi. Abin da wannan maƙala ta nufa shi ne ta bi hanyoyin da mutanen da suka bi don tsare rubutu, sa'an nan ta auna su da labarin Girgam, watau littafin jerin sarakunan Daura.

Ya kamata a fara da kayan aikin kansu, gama a nan tsaron ya ke somawa. Sunayensu ma baƙi ne. Alƙalami da hatimi da tawada duk daga Larabci suka samo asali. Takarda kuwa ta shigo ta bakin Buzaye, kuma in aka bi ta can baya sai a tarar da kalmar Rumawa da Yunanawa. A 1960 J. H. Greenberg ya kawo hujjar cewa karatu da rubutu sun iso Hausa ne ta hanyar Barebari, kuma girgam ita ma kalmar Barno ce, inda a ke kiran jerin sunayen sarakuna da ita. Takardar da malaman ƙarni na 19 suka yi rubutu a kai ba a ƙasar Hausa a ke yin ta ba. Mafi yawanta daga Italiya ta fito, ta biyo ta Tarabulus ko Masar, ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma, Daura kuwa tana kan hanyar da ta haɗa Damagaram da Kano. In aka ɗaga irin wannan takarda aka duba ta da hasken rana, sai a ga tambari a cikin jikinta, wanda aka yi tun tana jiƙe a masana'anta. Wanda ya fi yawa shi ne jinjirin wata guda uku a jere, sau da yawa tare da alamar gidan Andrea Galvani na Pordenone. Masu sana'ar sun sa shi ne don a san kayansu, ba don tsaron malamai ba, amma ga mai bincike ya zama shaida marar son kai. Takardar da ta ce an rubuta ta shekara ɗari biyar da suka wuce, alhali tana ɗauke da tambarin masana'antar ƙarni na 19, to, iyakar abin da za a ce ita ce kwafi ce.

Tawada iri biyu ce, kuma ko wane almajiri ya san bambancinsu. Akwai zuge, wanda a ke yi da gawayi da ƙaro. Shi ne na allo, domin a bisa ya ke zama, ruwa kaɗan ya wanke shi. Akwai kuma wadda a ke dafawa da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera. Ita wannan, ɗacin bagaruwa ne ke haɗuwa da ƙarfe ya kama zaren takarda, har ya zama ba ta fita sai an kankare. Kankara kuwa ba ta ɓoyuwa: wurin ya kan yi shara-shara in an ɗaga shi ga haske, santsin takardar ya tafi, sabuwar tawadar da aka sa ta bazu. Marubutan fada da na alƙalai ba su san sunan sinadarin da ke cikin bagaruwa ba, amma sun san wace tawada a ke rubuta abin da ba a so ya gushe.

Akwai wata wahala da littattafan ƙasar nan su ke da ita wadda na Gabas ba su cika samu ba. Ba a ɗinke su. Warƙa-warƙa a ke tara su tsakanin tadarishi, a ɗaure, a sa cikin gafaka. Wannan ya sauƙaƙa karatu, domin malami na iya raba littafi ɗaya ga almajirai goma, amma ya sauƙaƙa zare warƙa ko cusa wata. Maganin da aka yi shi ne a rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, har littafin ya zama sarƙa. In zobe ɗaya ya ɓace, mai karatu ya gane nan da nan. In an gama kwafa kuma a kan yi muƙabala, watau ɗaya ya karanta asali, ɗaya ya bi kwafin da ido, abin da aka tsallake a rubuta shi a gefe da alamar gyara. A ƙarshe mai kwafa ya kan faɗi sunansa da na mai littafin, ya roƙi gafara a kan kuskure. Wani lokaci ya kan haɗa da gargaɗi ga wanda zai sauya. Gargaɗin nan ba wasa ba ne ga mutanen da suka san aya ta 181 ta Suratul Baƙara, wadda ta ɗora zunubi a kan mai sauya wasiyya bayan ya ji ta.

Wasiƙun sarauta su ne aka fi tsanantawa a kansu. A. D. H. Bivar ya yi nazarin irinsu a 1959, kuma tun 1927 H. F. Backwell ya buga fassarar waɗanda Turawa suka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903. Tsarinsu kusan ɗaya ne: bisimilla da salati, hatimin mai aikowa a sama, sunansa da na wanda aka aika wa, gaisuwa, saƙo a taƙaice, sa'an nan sallama ta rufe magana, yadda duk abin da ya biyo bayanta zai zama abin tuhuma. Yawancinsu ba su da kwanan wata, abin da ke ba masu tarihi ciwon kai har yau. Amma fa kada a ɗauka hatimi kaɗai aka dogara da shi, domin abin da maƙeri ɗaya ya sassaƙa, wani maƙerin na iya kwaikwayo. Ko wace masarauta tana da ƙofarta a Sakkwato, watau babban da al'amuranta ke bi ta hannunsa, kuma manzannin da ke kai da kawowa sanannu ne a fadojin biyu. An san fuskar manzo, an san hannun magatakarda. Sau da yawa ma ainihin maganar tana bakin manzon, takardar shaida ce kawai cewa aiko shi aka yi.

Haka abin ya ke a shari'a. Aya ta 282 ta Baƙara ta yi umurni a rubuta bashi, ta kuma haɗa da shaidu. A asalin mazhabar Malikiyya, wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali sai da shaidu biyu da za su tabbatar tasa ce, ko da ya ke malaman baya sun sassauta, suka yarda da gane rubutun hannu sabo da larura, kamar yadda mai karanta Tuhfa ta Ibn Asim ya sani. Ma'anar duk wannan ita ce, a idon alƙalin da, takarda ba ta tsayawa da ƙafarta sai ta jingina da mutum.

To, ina matsayin Girgam a cikin wannan tsari? Shi ba wasiƙa ba ne da za a tambayi manzo, ba kuma littafin fiƙihu ba ne da ke da kwafi ɗari a makarantu. Kayan fada ne, ajinsa ɗaya da takobin da a ke jingina wa Bayajida, kuma darajarsa ta siyasa ce, domin wanda sunan kakansa ke cikin jerin yana da bakin neman sarauta. Irin wannan takarda ɓoyo ne tsaronta, tare da ƙwaƙwalwar maroƙa da dattawan fada waɗanda suka haddace sunayen.

Sai jihadi ya zo. Wajen 1805 Malam Isiyaku, mai tutar Shehu, ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyar sarakunan Haɓe ta rabu, wani reshe ya kafu a Zango, wani a Ɓaure, daga baya duka biyu suka shiga ƙarƙashin ikon Damagaram, Fulani kuwa suna birni. An yi shekaru da yawa ana da gidaje uku, ko wanne yana ganin shi ne Daura. A 1906 Turawan Ingila suka kawo Malam Musa daga Zango suka ba shi sarautar Daura, abin da ba su saba yi ba a ƙasashen da tutar Shehu ta ci. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi mulki har 1966. Mai karatu zai gane da kansa irin nauyin da jerin sarakuna ke ɗauka a zamani irin wannan, da kuma irin jarrabar da ke gaban mai kwafa shi. Ba lalle ne ya yi ƙarya ba. Ya isa ya tsaya inda reshen gidansu ya tsaya, ya ƙyale na 'yan'uwa. Amma rabuwar nan da ta raunana sarauta ita ce ta yi wa tarihi amfani, gama ta sa labari ɗaya ya zauna a hannuwa dabam-dabam da ba su shawara da juna. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar a ƙarshen shekarun 1950, ya kuma buga littafinsa The Affairs of Daura a 1978, a kan gwada abin da gidajen nan uku suka riƙe ya gina aikinsa.

Kafin Smith, labarin ya riga ya fita daga gafaka. E. J. Arnett ya buga fassarar wani rubutu na tarihin Daura a 1910, H. R. Palmer kuma ya sa fassarar Girgam cikin juzu'i na uku na Sudanese Memoirs a 1928. Da aka jera waɗannan kusa da abin da ya gabace su sai bambanci ya bayyana. Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri da ya gama a 1812, Bawo ya ambata, ya kuma ce bawan Sarkin Barno ne. Bai kawo ɗan sarkin Bagadaza ba. Ba wuya a ga dalilin da zai sa jagoran jihadi ya so wannan ruwaya, ba wuya kuma a ga dalilin da zai sa fadar Haɓe ta so waccan. Wace ce ta riga wata, an daɗe ana gardama, W. K. R. Hallam ya yi magana a 1966, Dierk Lange ya yi tasa daga baya. Abin lura a nan shi ne, da ruwaya ɗaya tak ta tsira, da ba a ma san akwai abin gardama ba.

Akwai kuma sauyin da ba wanda ya nufa, kuma nan ne ilmin harshe ke da abin faɗi. A jerin da aka buga, sarauniyoyin Daura goma sha bakwai ne, daga Kufuru zuwa Shawata, wadda a ke kira Daura ko Daurama kuwa ita ce ta tara. Amma sunayen ba su zo iri ɗaya ba. Inda wani jeri ya ce Batatume, wani ya ce Fatatuma. Inda wani ya ce Sandamata, wani ya ce Saidamata. Akwai Gamata, akwai Gawata. Wanda ya saba da rubutun Magariba, irin na allunanmu na ƙasar Hausa, zai ga inda gizo ke saƙa. A wannan rubutu fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, daidai da ba, bambancinsu ɗan zagayen kai ne kawai, wanda tawada mai kauri ke iya cikewa ko alƙalami mai gaggawa ya ƙi rufewa. Nun da ya a tsakiyar kalma haƙori ɗaya ne, ɗigo ne ya raba su. Mim da wau duka masu zagayen kai ne. Har ma mai bincike na iya tsayawa a kan Jamata da Hamata, waɗanda suka zo ɗaya bayan ɗaya a jerin, alhali jim da ha ba abin da ya raba su sai ɗigo guda. Wannan ba hujja ba ce cewa sarauniya ɗaya ce aka mai da biyu, domin sunaye masu kama da juna ba baƙon abu ba ne a gida ɗaya, kuma wani kuskuren na iya zama na mai fassara ko na maɗaba'a. Amma tambaya ce da sai an ajiye rubuce-rubucen hannu gefe da gefe za a amsa ta. A ƙara da cewa baƙin Larabci ba ya nuna karin sauti, bai kuma cika raba o da u ba, sai a ga cewa sunan Hausa da aka rubuta da shi rabinsa ne ke kan takarda, sauran rabin yana bakin wanda ya ji daga na gaba. Wannan ma wani irin tsaro ne, gama baƙon da ya saci kwafi ba zai iya karanta shi daidai a gaban fada ba. Illarsa ita ce, ran da mai bakin ya mutu bai koya wa kowa ba, takardar ta zama rabi.

Misalin sauyi na ganganci mafi girma a Afirka ta Yamma ba a ƙasar Hausa ya faru ba, amma ya cancanci a kawo shi. Littafin Tarihul Fattash na Tumbutu, wanda Houdas da Delafosse suka buga a 1913, yana ɗauke da bushara cewa wani Ahmadu zai bayyana a Masina ya zama halifa na goma sha biyu. A 1971 Nehemia Levtzion ya gwada kwafe-kwafen da aka yi bugun da su, ya nuna cewa an cusa busharar ne a ƙarni na 19 don ƙarfafa mulkin Shehu Ahmadu Lobbo, wanda ya rasu a 1845. Mauro Nobili ya zurfafa binciken a 2020, ya nuna hannun Nuhu ɗan Ɗahiru, malamin fadar Hamdallahi, a cikin aikin. Takarda da tawada da salon rubutu duk na ƙwarai ne, ba su tona kome ba. Abin da ya tona shi ne saɓanin da ke tsakanin kwafin da aka gyara da waɗanda gyaran bai game su ba.

Kishiyar wannan ita ce wasiƙar da Gwamna Lugga ya ce ya samu daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a 1902, wadda ya ɗauka shelar yaƙi ce, ya kuma kafa hujja da ita wajen yaƙin 1903 da ya kawo ƙasashen nan, har da Daura, ƙarƙashin Ingila. Fassarar Ingilishi ce ta yaɗu. Asalin Larabcin, da hatiminsa da hannun magatakardansa, masu bincike ba su same shi ba. D. J. M. Muffett ya yi shakkar ta a 1964, waɗansu kuma suka kare ta. Gardamar ba ta ƙarewa, domin ba abin da za a ɗaga ga haske.

Mulkin Turawa ya zo da nasa dabarun, kuma in aka duba da kyau, muƙabala ce aka sa wa sabuwar riga. Bayan kafa Baitulmali, wanda Palmer ya soma a Katsina, rasit na haraji da na jangali suka zama masu lamba a jere, ko wanne da ɓarin da ke zama cikin littafi, don ran bincike a gwada na hannun talaka da na hannun ma'aji. Littafin shari'a na alƙali aka ɗinke shi, aka sa wa shafuna lamba, Di'o yana dubawa. Wannan bai hana malamin haraji marar tsoron Allah cin kuɗi ba, sai dai ya sa dole ya nemi abokin cin. Daura ta shiga Lardin Katsina a 1934, an soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979, Daura kuma ta koma cikin Jihar Katsina a 1987, amma al'adar lamba da kwafi biyu ta zauna a ko wane ofis.

Abin da ya rushe tsohon lissafi shi ne injin hoto. A da kwafa aiki ne na kwanaki, kuma hannun mai kwafa na bayyana a ciki. Tun da injin Xerox ya shiga kasuwa a 1959, sa'an nan sikana da kwamfuta da wayar hannu suka biyo, kwafa ta zama ta ƙiftawar ido, ana kuma iya ɗauke hatimi daga wata takarda a ɗora a wata ba kankara. Sabo da haka masu buga kuɗi da takardun shaidar jarrabawa da na mallakar fili suka koma ga jikin takardar: tambarin ciki irin na Galvani, zaren ƙarfe, rubutu ƙanana ƙwarai da inji ba ya iya ɗauka sai ya dagule, zane mai ɓoyayyar kalma wadda ba ta fitowa sai a kwafi, da tambari mai walƙiya. Duk da haka ma'aikata mai hankali ba ta yarda da takardar shaida sai ta tambayi inda aka ba da ita. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ma, kwafin takardar hukuma da ta yarda da shi shi ne wanda jami'in da ke riƙe da asalin ya sa hannu ya tabbatar, kuma sashe na 84 ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta. Alƙalin Daura na ƙarni na 19 ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ga tsofaffin rubuce-rubuce kuwa, injin nan da a ke tsoro shi ne ya fi kowa amfani. Tun shekarun 1960 Jami'ar Ibadan da shirin binciken tarihin Arewa na Zariya suka riƙa ɗaukar hoton littattafan malamai suna mayar wa masu su, Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Kaduna da Gidan Arewa kuma suna tara nasu. Har yanzu akwai magada da ke ƙin a ɗauki hoton abin da ke gafakarsu, kuma ba a ce ba su da dalili ba, domin an sha aron littafi ba a mayar ba. Malaman kwalejojin horon malamai, da ya ke ɗalibansu daga irin gidajen nan su ke fitowa, su suka fi kowa damar rarrashi. In an sami izni, hoton rubutu kaɗai bai isa ba. A ɗauki ko wace warƙa gaba da baya har da gefenta, kada a yanke kalmar sarƙa ta ƙasa. A ɗaga waɗansu ga haske a ɗauki tambarin cikinsu. A rubuta sunan gidan da hannun da littafin ya bi. Sa'an nan a nemi dattijon da ya san shi ya karanta sunayen da bakinsa, a ɗauki muryarsa, a ajiye ta tare da hoton a wuri fiye da ɗaya.